Tafiyata Shenzhen da rigimar tagwayen kati

Na dawo daga Sin lafiya lau, kuma tunda mutane sun dame ni da tambaya a shago bari in rubuta kowa ya karanta in huta. Abin da ya kai ni ba wani babban kasuwanci ba ne, kwamfuta ɗaya nake so in haɗa mai ƙarfi wadda za ta ɗauki masu aiki biyu a lokaci guda, Linux a ƙasa, sannan Windows na gudana a cikin Linux ɗin kamar wata kwamfuta daban wa yaron da ke mana tace bidiyo, kowa da allonsa da katin hotonsa, wato na'urar da ke fitar da hoto a allo. Dama ina da saƙon kayan wasu 'yan Beirut Road da zan sayo, sai na haɗa tafiyar.

Daga Kano muka bi ta Addis Ababa zuwa Guangzhou, wannan ba labari a ciki sai zaman jira da ciwon baya. Wanda ya tarbe ni wani Alhaji ne mutumin Damagaram da ya daɗe a can yana harkar tura kaya, ban taɓa ganinsa ba sai a waya, amma wallahi mutumin nan ya yi mini abin da ko ɗan'uwa sai haka. Otal ɗin farko da muka shiga yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ga fasfo ta turo shi gefe da yatsa ɗaya ta ce ba sa karɓar baƙi 'yan waje, raina ya ɓaci sosai na fara magana, Alhaji ya ja hannuna ya ce Malam rabu da ita, zo mu je gida. A gidansa na sauka a wajen Xiaobei, unguwar da kana tafiya za ka ji Hausa na tashi ta bayanka har ka waiga. Ranar Juma'a ya kai ni masallacin da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, jama'a maƙil, Sinawa da Larabawa da mu, duk da dai abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne a Baƙi'a aka binne shi a Madina.

Jirgin ƙasa daga Guangzhou zuwa Shenzhen bai kai awa ɗaya ba, kuɗinsa bai kai yuan 100 ba, kuma minti bai ƙaru a kan lokacin da aka rubuta a tikiti ba. Ina zaune ina tuna yadda mutum ke kwana a hanyar Kano zuwa Legas, sai kawai na yi shiru.

Huaqiangbei kuwa, babbar kasuwar kayan lantarki ta Shenzhen, sai wanda ya gani. Ba kasuwa ɗaya ba ce, dogayen benaye ne a jere, kowane bene hawa-hawa, kowane hawa ɗaruruwan tebura, wani ba abin da yake sayarwa sai fankar kwamfuta, wani sai igiya iri ɗaya tak. Na shiga ginin SEG, wanda a 2021 ya yi ta girgiza mutane suka fito a guje, yanzu ba wanda ma yake tuna zancen. Ba mai jan rigarka, ba mai bin ka yana oga me kake nema. Kowa kansa na kan waya ko yana naɗe kwali da salatif, ƙarar salatif ɗin nan har yanzu tana kunnena. Ciniki kuma a kalkuleta ake yi, ya danna ya miƙo maka ka danna ka mayar, kuma ba irin namu ba ne da za a ce dubu goma a sallama a huɗu, su ɗan kaɗan suke ragewa, in ka zaftare da yawa sai kawai ya ɗauke kalkuletarsa.

Katin hoto na hannu ya cika kasuwar, Alhaji ya riga ya ja mini kunne cewa da yawa daga cikinsu an yi haƙar kirifto da su dare da rana, tun da gwamnatin Sin ta hana harkar a 2021, sannan a 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗin kirifto, ta daina amfani da irin wannan haƙar, aka yi ta juye su a kasuwa, a wanke a canza fanka a sa a kwali. Don haka na ce ba zan biya ba sai an gwada a gabana. Mutum biyu suka ƙi. Ta ukun wata mata ce mai ɗan tebur a lungu da ɗanta yana aikin makaranta a ƙasan teburin, ta ce in zauna.

Kati biyu na ɗauka na NVIDIA iri ɗaya sak, na yi mata bayani ta manhajar fassara cewa ɗaya zai zauna wa Linux, ɗayan kuma za a miƙa shi kacokan ga Windows ɗin da ke ciki. Ta karanta ta yi dariya ta kira wani saurayi daga teburin baya, shi ne mai gyaransu. To ga inda matsalar take. Duk lokacin da kwamfuta ke tashi, Linux na bin na'urorin da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya, kowace na faɗin lambarta, ta kamfani da ta samfuri, in ka buga umarnin lspci -nn, mai jero na'urorin, za ka gan su, na NVIDIA da 10de suke farawa, Intel 8086. Direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, wanda ya san lambar shi zai cafke ta, kamar dai 'yan kamasho a tasha, wanda ya riga ɗaukar jakarka motarsa za ka shiga. Katin da za a ba wa Windows kuwa ba a so direbansa na asali ya taɓa shi, ana so wani direba mai suna vfio-pci ya riga kowa ya riƙe shi, bai yi komai da shi ba sai ajiya har Windows ɗin da ke ciki ya tashi ya karɓa. Hanyar da aka saba ita ce ka rubuta lambar katin a wani fayil cikin /etc/modprobe.d ka ce vfio-pci ya kama duk mai wannan lambar. Amma ni tagwaye na saya, lambarsu ɗaya, in aka bi ta nan duka biyun zai kwashe, allon Linux ya yi baƙi ƙirin.

Saurayin nan bai ce uffan ba, sigari a kunne, ya cusa katunan biyu a injin gwajinsu wanda ko murfi ba shi da shi, ya shiga BIOS, saitin farko na injin, ya tabbatar VT-d a kunne yake, wato fasahar Intel da ke ba da damar miƙa na'ura kai tsaye ga Windows ɗin ciki, ya ƙara intel_iommu=on a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux. Daga nan ya rabu da lambar samfuri gabaɗaya ya koma kan adireshin ramin da kowane kati ke zaune, ɗaya 01:00.0 ɗayan 02:00.0, ya nuna mini da bakin sukundireba cewa kowane kati ashe abu biyu ne, hoto a .0 sauti a .1, kuma rukuninsu ɗaya a IOMMU, sashen da ke raba na'urori rukuni-rukuni, don haka tare za su tafi ko a fasa. Ya rubuta 'yan layuka da ba su fi shida ba waɗanda ke zuba sunan vfio-pci a cikin driver_override na adireshin 02 ɗin nan guda biyu, wato an gaya wa kernel, zuciyar Linux, cewa wannan ramin ba mai taɓa shi sai wane. Abin da ya fi burge ni shi ne wurin da ya ajiye rubutun, cikin initramfs, ɗan ƙaramin tsarin da ke tashi tun kafin a buɗe hard disk, saboda in ka bari sai komai ya gama tashi to direban hoto ya riga ya kama katin, ɓamɓare shi kuma wani lokacin sai injin ya daskare. Ya buga update-initramfs -u ya kashe ya kunna, ya buga lspci -k ya juyo mini da allon: na farko nvidia, na biyu vfio-pci. Ya sake kashewa ya kunna, ya sake, duk amsa ɗaya.

Sannan suka sa wa katunan wuta na wajen rabin awa muna kallon zafinsu, matar ta zuba mini shayi a ɗan kofin da bai fi kurɓi biyu ba, babu sukari babu madara, na sha don kunya. Na tambayi kuɗin aikin saurayin, ta kaɗa hannu. A wurinmu da yaro ya san wannan dabarar ai sai ya juya maka baya ya rufe allon da kafaɗa, kuma sai ka biya kuɗin gwaji ko ka saya ko ba ka saya ba, shi kuwa har cewa ya yi in ɗauki hoton rubutun da wayata. Amma fa kar a ce duk haka suke, mai sayar da RAM a hawa na sama ya so ya haɗa ni da wanda aka canza wa takarda, Allah ya sa na ce a saka a inji mu gani, nan take ya ce wai ya ƙare.

Abinci ban sha wahala ba, shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo na Musulmi ne kuma suna ko'ina, kwano ɗaya da nama wajen yuan 15 zuwa 20, sai dai naman yanka uku ne sirara kana hango romo ta cikinsu. Kuɗin hannu kuma kamar ka kawo abin mamaki, kowa WeChat ko Alipay, har mai gasa dankali a bakin titi.

Sauran kwanakin saƙon mutane na yi ta saye, na koma Guangzhou Alhaji ya auna kayan ya tura, katunan dai a jakar hannu na riƙo su. A wani filin jirgi wani ma'aikaci ya zazzage jakar ya ɗaga kati ɗaya yana tambayata ko injin buga kuɗi ne, ya tsayar da ni har sai da layi ya ƙare.

Injin yana shago yanzu yana aiki, yaron tace bidiyo na gefe ɗaya ina gefe ɗaya. Wanda zai yi irin wannan ya sani cewa adireshin rami na iya canzawa in ka ƙara ma'ajiyar bayanai ta NVMe ko ka matsar da kati, sai ka sake duba lspci ka gyara rubutun.  Masu saƙo ku yi haƙuri, kayanku ta jirgin ruwa za su zo, Alhaji ya ce sai wata mai zuwa.