Asabar: Injin da Yake Lafiya a Ƙasa, Yake Shaƙewa a Sama

Cikin ƙananan jiragen sama da nake sarrafawa da rimot, wanda na ware wa yinin yau shi ne babban nan mai fukafukai da suka kai kusan mita biyu, wanda yake ɗauke da injin fetur mai bugu biyu, mai silinda ɗaya, girmansa cc 35, da farfelar katako mai tsawon inci 20. Ya jima a rataye ba a tayar da shi ba, kuma injin fetur zama ya fi aiki lalata shi, don haka ban yi gaggawar fita filin tashi ba sai da na shafe safiya a kan teburin aiki.

Da tanki na fara. Tiyon da ke cikinsa ya sandare, har ɗan ƙarfen nan mai nauyi da ake maƙalawa a bakinsa, wanda aikinsa shi ne ya bi fetur duk inda ya kwanta idan jirgi ya juya ciki sama, ya daina faɗuwa da kansa. Na juya tankin a hannuna ta kowace fuska ban ji ƙarar ƙarfen yana bugun bango ba, alhali wannan ƙarar ita ce shaidar lafiyarsa. Na sauya tiyon da sabon Tygon, wato tiyon nan mai ruwan ɗorawa da ke jure fetur, na ɗaure kowane baki da siririyar waya don kada iska ta sami hanyar shiga. Tiyon silikon da ake amfani da shi a injunan da ke shan metanol ba ya jure fetur ko kaɗan, kumbura yake yi ya yi laushi, kuma haka toshiyar bakin tankin take: dole ta zama irin wadda aka yi domin fetur.

Daga nan na kwance kafireta, kuma a nan ne na fi daɗewa, domin ita ce zuciyar yawancin matsalolin waɗannan injuna. Irin kafiretar da ke jikinsu, wadda kamfanin Walbro ya yi fice wajen ƙerawa, ita ce ake samu a zarton inji da na'urar yankan ciyawa, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda injunan Zenoah na Japan da suka buɗe wa mutane da yawa wannan hanya daga irin waɗannan kayan aiki suka samo asali. Ba ta da kwanon da mai ke taruwa a ciki kamar ta babur, shi ya sa take aiki ko jirgi yana kife. A maimakon kwano, tana da tantani biyu na roba. Na farko famfo ne: duk lokacin da fistin ya hau ya sauka, matsin da ke cikin akwatin inji yana ƙaruwa yana raguwa, wannan bugun kuma yana bi ta wata ƙaramar kafa ya motsa tantanin, shi kuma ya zuƙo fetur daga tanki. Na biyu shi ne mai auna mai: idan inji ya zuƙe fetur ɗin da ke ƙarƙashinsa, iskar waje takan danna shi ciki, ya taɓa wani ɗan hannu na ƙarfe, hannun ya ɗaga allurar da ke tare ƙofar mai, sabon fetur ya shigo.

Da na cire murfin famfon mai sukuru ɗaya, na tarar da ƙaramar rariyar ƙarfen da ke ciki ta toshe rabi da wani baƙin gari mai laushi, na wanke ta har haske ya riƙa ratsa ta. Tantanin aunawa kuwa ya yi tauri, idan na lanƙwasa shi tsakanin yatsu sai ya yi ƙara kamar takarda, wanda aikin tsohon fetur ne, musamman mai gaurayen itanol. Na sa sababbi, ina kula da jerin da kan ruɗa mutane: a ɓangaren famfo tantani ne yake kwanciya a jikin kafireta sannan gaskit ya biyo baya, a ɓangaren aunawa kuma gaskit ne a fari sannan tantani. Wajen mayar da kafiretar jikin inji na tabbatar kafar bugun ba ta toshe da gaskit ba, domin idan aka juya shi bai-bai famfo ba zai taɓa zuƙo mai ba, kuma mutum zai yi ta juya farfela har hannu ya gaji.

Ɓangaren wuta bai ɗauki lokaci ba. Filogin NGK CM-6 ne, bakinsa launin ƙasa-ƙasa, alamar cewa gaurayen mai da iska yana daidai a tashin ƙarshe, kuma tazarar bakin tana kusa da rabin milimita kamar yadda ake so. Na sa filogin a cikin hularsa, na kunna wuta, na wuce da maganaɗisun da ke gindin farfela ta gaban na'urar da ke jin wucewarsa, tartsatsi mai shuɗi ya fito. Ba a gwada wannan ba tare da filogi a cikin hula ba, domin wutar da ta rasa mafita tana iya ƙona akwatin da ke samar da wutar da kansa. Lokacin ba da wutar yana nan inda aka saita shi, wajen digiri 28 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ban taɓa shi ba. Na gauraya sabon fetur da man inji na bugu biyu, kashi 40 da 1, wato mililita 25 a kowace lita, na tace, na kama hanya.

A fili iska tana da sauƙi. Na ɗaure wutsiyar jirgin, na sa safar hannu mai kauri, na rufe cok, na kunna wuta, na riƙa wurga farfela har injin ya yi tari ɗaya ya mutu. Wannan tarin shi ne sanarwar cewa mai ya iso. Na buɗe cok, kuma ba da jimawa ba ya kama. Allurori biyu na daidaita yawan mai da ke gefen kafireta, mai alamar L ta ƙaramin gudu da mai alamar H ta babban gudu, na bar su tun a gida a wajen juyi ɗaya da rabi daga rufe. Bayan injin ya yi ɗumi na buɗe totur gaba ɗaya, na bi allurar H da ƙananan juyi har na'urar ƙirga juyi ta nuna iyakar abin da zai iya, sannan na sassauta ta kaɗan har juyin ya ragu da kamar 200 a minti, domin injin da aka matse wa mai har iyaka a ƙasa yakan yi zafi a sama. Allurar L kuwa da kunne ake saita ta. Idan aka ba da wuta farat ɗaya injin ya yi jim kamar zai mutu, mai ya yi kaɗan. Idan ya yi ta ɓurɓura da hayaƙi kafin ya ɗauka, mai ya yi yawa. Kowane gyara sai na kashe injin tukuna, saboda allurorin suna kusa da farfela, kuma ba na ganin akwai saitin da ya kai darajar yatsa. Silo ya zauna a wajen juyi 1,800, ɗaukar wuta ta yi santsi. Na yi gwajin nisan rimot injin yana aiki, tunda tartsatsin filogi yana iya damun na'urar karɓar umarni ko da a kan zangon 2.4 GHz, na kuma gwada makashin wutar da ake sarrafawa daga rimot, komai ya amsa.

Tashin ya yi kyau, amma da jirgin ya daidaita ya ɗauki gudu sai muryar injin ta sauya. A rabin totur ya shiga ɓurɓura, hayaƙi yana bin bayansa, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne sautin yana bin yanayin jirgin: idan na kwantar da shi a gefe guda sai shaƙewar ta ƙaru, idan na mayar da shi ɗaya gefen sai ta ragu, idan na ɗaga hancinsa gudu ya ragu sai injin ya washe sarai. Na sauko da shi lafiya, na tayar da shi a ƙasa, ya yi aiki kamar ba shi ba.

Wani dattijo da ya daɗe a wannan harka ya matso ya saurara, ya ce, "Ƙanena, mai ne ya yi masa yawa, ka matse allurar ƙasa kaɗan mu gani." Na ce, "Gaskiya ne, Yaya, a sama mai yana yi masa yawa, amma a ƙasa daidai yake, kuma allura ba ta san ko jirgi ya kwanta hagu ko dama ba." Ya yi dariya ya ce ai magana ta fito. Ba na ƙin shawarar manya, kuma a mafi yawan lokuta irin wannan shawarar takan yi aiki. Sai dai a ganina allurorin nan biyu su ne aka fi zalunta a jikin injin fetur, domin su ne ke waje inda sukudireba ke isa, don haka kowane laifi a kansu ake huce shi, ko na tiyo ne, ko na batir, ko na iska. Da na matse ta yau, da ɓurɓurar ta ragu a miƙaƙƙen gudu, amma da zarar jirgi ya miƙe sama gudunsa ya ragu, sai injin ya rasa mai a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa, ya yi zafi ko ya mutu hanci yana sama, kuma babu wuri mafi muni da inji zai mutu kamar nan.

Zargina ya koma kan tantanin aunawa, ba don ya lalace ba, tunda sabo ne. A murfin ƙarfen da ke rufe shi akwai wata 'yar kafa da ba ta fi kan allurar ɗinki girma da yawa ba, kuma ta nan ne tantanin yake jin matsin iskar waje. Wanda ya tsara kafiretar ya ɗauka iskar da ke wajen za ta kasance a natse, kamar yadda take a jikin zarto. A cikin murfin injin jirgi kuwa ba haka abin yake ba: farfela tana tura iska ta ƙofofin gaba, gudun jirgi yana ƙara mata ƙarfi, kuma idan mafitar da ke ƙasa ba ta isa ba sai iskar ta taru ta yi matsi. Wannan matsin yana danna tantanin fiye da kima, allurar ƙofa ta buɗe fiye da yadda inji ke nema, fetur ya kwararo. Idan jirgi ya kwanta a gefe, hanyar da iska ke shiga murfin tana sauyawa, matsin ma ya sauya, shi ya sa sautin yake bin juyin jirgin.

Hanyar tabbatar da wannan ba ta da wuya. Na cire farfela, na zare murfin injin gaba ɗaya, na mayar da farfela, na duba daidaiton nauyi tunda hanci ya ɗan yi sauƙi, ban taɓa ko allura ɗaya ba. Abu ɗaya kawai nake son sauyawa, don in san abin da ya yi maganin idan an samu sauƙi. Jirgin ya tashi da injinsa a buɗe, ba kyan gani, amma muryarsa ta tsaya cak a kowane gudu. Na kwantar da shi hagu da dama, na kife shi, na miƙe da shi sama, ɓurɓurar ba ta dawo ba sai ɗan abin da ba a rasa ba a tsakiyar totur, wanda kusan duk injin bugu biyu mai irin wannan kafireta yake da shi. Dattijon ya ɗaga mini hannu daga inda yake zaune.

Cire murfin ya kuma nuna mini wani abu da nake ganin ya fi ɓurɓurar muhimmanci. Idan iska tana taruwa a ciki har ta danna tantani, to ba ta wucewa ta jikin silinda yadda ya kamata, kuma injin yana ɗaukar zafin da bai kamata ba ko da bai nuna ba tukuna. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce mafitar iska ta ninka mashigarta sau biyu zuwa uku. Da na auna tawa da ido, da ƙyar ta kai girman mashigar.

Da yamma na koma teburin aiki da gyara biyu. Na cire murfin tantanin aunawa, na ajiye tantanin nesa da zafi, na faɗaɗa 'yar kafar kaɗan, na liƙa guntun bututun tagulla a kanta da dalma, na goge cikin murfin sosai don kada wani tsini ya huda robar. A bakin bututun na sa tiyo, na ratsa da shi ta katakon da inji ke zaune a kai zuwa cikin gangar jirgin, inda iska take a natse, na ɗaure ƙarshensa a wurin da ba zai lanƙwashe ko ya toshe ba, domin idan ya toshe tantanin ba zai motsa ba sam. Sannan na yanke ƙasan murfin injin na faɗaɗa mafitar, na kuma liƙa ɗan leɓe a gabanta wanda zai sa iskar waje ta riƙa zuƙo ta ciki yayin tafiya. Ragowar aikin shi ne shingayen katako masu sauƙi da za su tilasta wa iskar da ta shigo ta bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda maimakon ta zagaye shi, kuma na yanke samfurinsu da kwali, sai an gwada su a jikin murfin. Tunda yanzu tantanin zai riƙa jin matsin cikin ganga maimakon na cikin murfi, saitin allurorin na yau ba lallai ya tsaya ba, don haka kafin tashi na gaba zan sake bin H da L daga farko, murfin yana ɗaure a wurinsa.