Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hanyar Gwanja

A makon da ya gabata na tsaya a inda na tsallaka gadar Kennedy na fara karatu a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, ina yaro ɗan Tawa wanda bai san kowa ba a Yamai sai wani kawunsa mai sayar da yadi. Abin da zan ba da labarinsa yau ya faru ne a shekarata ta biyu, kuma a fada ya fara, wato wurin zaman hirarmu na samari, gefen tukunyar shayi.

Wani abokinmu da ya yi zama a Faransa ya zo mana wata rana da littafi mai kauri da wasu ƙwayoyi irin na ludo a cikin ƙaramar jaka, amma waɗannan ba duka ne masu fuska shida ba, akwai mai fuska takwas, akwai mai goma sha biyu, babbarsu kuma fuska ashirin gare ta. Ya ce wasa ne da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. Mutum ɗaya ne yake zama jagora, shi yake faɗin inda ake da abin da ake gani, sauran kuma kowa ya ɗauki wani mutum na ƙage ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa ƙwaya domin a ga ko abin ya yiwu. Tun a daren farko na gane cewa tatsuniya ce, sai dai masu saurare ba su tsaya ga cewa "ta zo mu ji ta" ba, suna da hannu a cikin yadda za ta kasance. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya a kanmu ya tambaya ko caca muke yi, kuma sai da ya zauna ya ga babu ko dala a tsakaninmu sannan hankalinsa ya kwanta.

Na daɗe ina son labaran almara, tun daga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Dodo da muka sha a tsakar gida da farin wata, har zuwa littattafan Faransanci da nake arowa daga ɗakin karatu. Amma da aka ba ni jagorancin wasan sai na ji ƙasar da ke cikin littafin ba ta zauna mini a baki ba, domin ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ban kuma san yadda dajin can yake wari ba. Sai na yanke shawarar in gina mana tamu duniyar a kan hanyar fatake ta zuwa Gwanja, inda ake kai kanwa da tufafi da fatu a dawo da goro, tunda a gidanmu an sha faɗa mana cewa kakan mahaifina ya bi wannan hanya. Na sa shi a cikin wasan a matsayin madugu mai doki da takobi, abokaina kuma suka zama jagaba da malamin ayari da mai gadin kaya. Mun yi watanni muna faɗa da dodanni a kowane zango.

Tambayoyin ƴan wasan ne suka fara nuna mini iyakar sanina. Wannan ya ce kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya, wancan ya ce da me ake biyan mai kwalekwale, ni kuwa ba ni da amsa. Na karanta aikin da Farfesa Djibo Hamani ya wallafa a 1975 a kan tarihin Adar, wato yankinmu na Tawa, kafin zuwan Turawa, na koyi labarin Agabba ɗan Sarkin Agadas wanda ya ci ƙasar a 1674, na kuma karanta a wani wurin cewa kasuwar Salaga, wadda ita ce cibiyar goron Gwanja, ta durƙushe bayan yaƙin basasar 1892. Duk wannan ya amfane ni ƙwarai, amma babu sunan kakanmu a ciki.

Da aka ba da hutu sai na shiga mota zuwa gida, tafiyar kilomita sama da 500, ta Doso da Dogon Dutse da Birnin Ƙonni, sannan a Tsarnawa aka karya arewa. A Dogon Dutse na tuna cewa Lugu ba ta da nisa, garin da Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, na kuma ƙudura zan je wata rana, alkawarin da na cika daga baya.

Wadda na je dominta ita ce gwaggona, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga tsohon da idonsu. Na same ta a kan tabarma tana ɓarar gujiya, na durƙusa na gaishe ta. Ba ta kiran sunana domin sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ta ce, "Babana, me ya kawo ka da takarda a hannu kamar mai karɓar haraji?" Na ce, "Gwaggo, labarin madugu nake so." Ta ajiye ƙwaryar ta dube ni, ta ce, "Wane madugu?"

A nan na ji cewa kakan nan namu bai taɓa jan ayari ba. Yaron madugu ne, mai kora jakuna, wanda ya bar gida yana saurayi a shekarar da hatsi bai yi ba, da sandarsa da gorar ruwa, ya yi shekara bakwai kafin ya dawo. Ta ce a ƙafarsa ta dama babu yatsa ɗaya, kuma in yara suka tambaye shi sai ya ce hanya ce ta karɓi zakkarta. Ta ce abin da ya fi ambata shi ne fiton babban kogi, yadda ake sauke kaya a zuba cikin kwalekwale, jakuna kuma a riƙe kansu suna iyo a gefe, da yadda ake kwance huhun goro a zango a yayyafa masa ruwa a tsince wanda ya ɓaci tun kafin ya ɓata sauran. Ba a tashi da damina, in ji ta, kuma ba a shiga gari sai madugu ya aika an gaida sarki an biya abin da aka yanka.

Sannan, da murya ɗaya da wadda ta yi maganar goro, ta ce akwai wata tsamiya a hanyar wadda ba a kwana a ƙarƙashinta, domin wani abokin tafiyarsu ya kwana a can ya tashi ba ya magana sai bayan kwana arba'in. Ban tambaye ta ko ta yarda da hakan ba, na rubuta shi yadda ta faɗa, domin a wurinta tsamiyar da kogin duka cikin hanya ɗaya suke.

Na yi kwana tara ina zama da ita kowace hantsi har na cika littafin rubutu guda. Da na koma Yamai na tara ƴan fada na ce musu madugu mai takobi ya fita daga wasan, kuma daga yau kowa zai fara ne a matsayin mai kora jakuna uku, da bashin kanwa a kansa. Abokin da ya kawo ƙwayoyin ya yi gardama da farko, amma a daren ne muka kai bakin kogi, ya jefa mai fuska ashirin ta ba shi biyu, jakinsa ɗaya ya tafi da ruwa, sai fadar ta yi tsit har shayi ya ƙone a kan gawayi.

A cikin littafin rubutun nan nawa akwai sunan wata unguwa a Kumasi inda gwaggo ta ce tsohon ya bar ɗa namiji. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda na kama hanyar Gana da wannan suna kaɗai a aljihuna.