Babin Lassie da ya ci min shekara guda

Jiya na karɓi takardar shaidar kammalawa, shekara guda cur bayan 'yan ajinmu, kuma babi na uku na kundina ne ya jawo haka.

Kundin a kan dabbobi ne a adabin yara, babin kuwa a kan Lassie, karyar da ke cikin wani labarin yara na Turanci. Littafin asalin labarin ya yi min wuyar samu, lokaci ya ƙure, sai na jingina da shirin talabijin na Amurka da aka fara a 1954 ya kai har 1973. Na kalli abin da na samu a intanet, na cika shafi ashirin da gona, da yaro Timmy, da karya mai ceton mutane daga haɗari.

Ranar zama da kwamiti, baƙon farfesan ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan shafin, ya ce, "Ɗana, me ya sa aka sayar da ita?" Bakina ya mutu. Ban ma san an sayar da ita ba. Kafin in haɗiye yawu, malamin da ke duba min aiki ya riga ni: "Ranka ya daɗe, na sha gaya masa ya nemi littafin." Wallahi bai taɓa faɗa ba. Babin ya yi wata huɗu a teburinsa, ya dawo da sa hannu, babu ko ɗigon jan biro. Laifin rashin karatu nawa ne, na ɗauka. Waccan maganar ce har yau take tsaye min a maƙogwaro.

Da littafin ya zo hannuna, dare biyu na yi na gama shi. Marubucin, Eric Knight, ɗan Yorkshire ne a Ingila, ya fara fitar da shi a gajeren labari a 1938, ya zama littafi a 1940. Ashe labarin talauci ne. Mahaifin Joe, yaron da ke da karyar, mai haƙar kwal ne da aiki ya tsaya masa, gida babu abin sawa a baka, dole ya sayar wa wani basarake da karyar. Ita kuma kullum ƙarfe huɗu tana bakin ƙofar makaranta tana jiran Joe. Ta yi ta guduwa tana dawowa, har aka kai ta can arewacin Sikotilan, ta tako ɗaruruwan mil da ƙafa, ta iso a rame. Wurin da uban ya kasa haɗa ido da ɗansa na fi daɗewa a kai, domin na san irin wannan shirun a gidan da aka sayar da akuyar yaro don a ci abinci. Fim ɗin 1943 ya riƙe wannan zafin, ko da yake wani kare namiji mai suna Pal ne ya fito a matsayin Lassie. Talabijin ce ta wanke talaucin tas, ni kuma a kanta na gina babi.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Duk gyaran da malami ya ba ka da baki, ka roƙe shi ya rubuta. Ka kai wa wani malamin aikinka ya gani tun kafin ranar zama.

Sabon babin, wata malama ce ta duba min shi layi-layi, kuma shi kwamiti suka fi yabawa. Shi kuwa tsohon malamin nawa mun haɗu a matakala jiya. Na ce, "Malam, ina wuni," ya amsa, na wuce.