Ranar da aka ɗaga bayan babur ɗina

Yau Asabar na wuni a garejin wani bakanike a Dilimi, cikin Jos, saboda bayan babur ɗina mai ƙafa uku, kuma ina son in rubuta abin da aka yi tun ban manta da alƙaluman ba. Babur ɗin asalinsa mai ƙafa biyu ne. Da yake shan inna ta taɓa mini ƙafar hagu tun ina yaro, mai walda ne ya mayar da shi mai taya biyu a baya, ya faɗaɗa kujerar, ya yi mata majingini, sannan ya ƙera mini akwatin ƙarfe da wurin rataye sanduna. Shekara biyu ina hawa ni kaɗai ban ga wata matsala ba. Amma tun da idon Yaya ya fara ba shi wahala ya daina tuƙi, ni nake ɗaukarsa daga Angwan Rogo zuwa rumfarsa ta kayan gwari a Farin Gada, kuma mu biyun babu ƙaramin jiki a cikinmu: ni kilo 84, shi kuwa ya kusa 100. Ranar Laraba muka faɗa wani rami a kan titin Bauchi, bayan ya zauna gaba ɗaya, tayar dama ta goge murfinta da ƙara mai tayar da hankali, Yaya ya dafe ƙugu yana salati.

Na isa garejin da misalin ƙarfe tara, sanyin hunturu bai gama sakin gari ba, yaran suna ɗumama hannu a kan gawayin mai shayi. Na gaya wa bakaniken cewa so nake a ƙara wa shokazoba ƙarfi, wato ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke shanye gargada a baya. Ya ce, "Malam, ba a ƙara wa sifirin ƙarfi da sifana. Bari mu auna tukuna." Maganar ta ɗan ɓata mini rai, domin na zo da tunanin aikin minti goma ne, amma na yi shiru na sauka na zauna a kan benci.

Ya sa aka ɗaga bayan a kan jak har tayoyin suka bar ƙasa, ya yi alama da alli a jikin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ya auna daga tsakiyar gatarin taya zuwa alamar: santimita 40. Aka sauke, babu kowa a kai, awon ya koma 38 da rabi. Wato akwatin da majinginin da sauran ƙarafan da aka ɗora sun riga sun cinye santimita ɗaya da rabi tun kafin mutum ya hau. Na hau ni kaɗai, ya zama 37. Da Yaya ya iso ya zauna a bayana, sai ya sauka zuwa 34, alhali iyakar nutsewar da bayan zai iya yi kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ba ta wuce santimita 8 ba. Abin da ya rage mana na shanye gargada santimita biyu ne kacal, shi ya sa kowane rami yake isowa kai tsaye zuwa ƙashin bayanmu. Bakaniken ya ce ƙa'idar da ake bi ita ce nauyin mahaya ya cinye kamar kashi ɗaya cikin uku na nutsewar, a bar sauran wa hanya.

A ƙasan kowane sifirin akwai wani zobe mai matakai biyar kamar tsani, wanda ban taɓa lura da shi ba duk tsawon zamana da babur ɗin, saboda laka ta rufe shi. Nawa yana kan mataki na biyu. Sai da aka wanke shi da kananzir aka ɗiga masa baƙin mai kafin ya yarda ya juya, aka kai shi na biyar a duka ɓangarorin. A nan ne na fahimci abin da ya faɗa mini da farko. Zoben yana matse sifirin ne tun kafin a hau, don haka yana ɗaga mazaunin babur ɗin sama, ya mayar masa da ɗan sararin da nauyi ya cinye. Amma kaurin ƙarfen da yawan naɗinsa suna nan yadda suke, kuma su ne ke yanke hukuncin nauyin da zai iya ɗauka. Muka sake hawa mu biyu, awon ya nuna 35 da rabi. An samu sauƙi, sai dai har yanzu fiye da rabin nutsewar ya tafi.

Yana cikin duba na dama sai ya goga yatsa a jikin sandar da ke tsakiyar sifirin, ya nuna mini: mai ne gauraye da ƙura, baƙi ƙirin. Siyal, wato robar da ke tare man cikin shokazoba, ya mutu, man ya tsiyaye. Ya danna ɓangaren da hannu ya saki, ya yi ta lilo sau uku kafin ya tsaya, na hagu kuwa ya dawo sau ɗaya ya natsu. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, man da ke ciki kuma shi ke hana shi tsalle bayan an wuce rami. Wannan ne ya bayyana mini dalilin da babur ɗin yake ja zuwa dama a duk lokacin da na sha kwanar hagu, abin da na daɗe ina ɗora wa mai walda laifinsa a raina.

Wani daga cikin yaran ya ce, "Baba, a cusa guntun tsohuwar taya a tsakanin naɗin sifirin mana, haka 'yan goyin suke yi da." Maigidansa ya harare shi. Ya ce dabarar tana hana nutsewa, amma bugun da ya kamata sifirin ya shanye sai ya koma kan kunnen ƙarfen da ke riƙe shokazoba, wanda aka yi wa walda, wata rana ya tsage a tsakiyar titi. Kuma mai ƙafa uku ba ya kwantawa a kwana kamar mai ƙafa biyu, nauyi kan taru ne a tayar waje, don haka idan bayan ya sandare, tayar ciki tana iya barin ƙasa. Ni da ba zan iya sa ƙafa in tare faɗuwa ba, ban buƙaci a maimaita mini wannan ba.

Shawara ta tsaya a kan canja shokazoba duka biyun, domin ba a haɗa sabo da tsoho a gatari ɗaya. Ya zaɓi irin na Bajaj Boxer, wanda ke da ƙaramin sifirin a cikin babban, irin da 'yan acaɓa suka fi so saboda ɗaukar kaya kafin a hana su aiki a cikin Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang. Ya aiki yaro da tsohon a hannu domin a gwada tsawo daga ido zuwa ido, da faɗin ramin noti. Yaya ne ya yi cinikin, ya kuma dage shi zai biya, wai ai nauyinsa ne ya jawo. Na ce, "Yaya, nawa ma ba kaɗan ba ne." Bai saurare ni ba.

Bayan azahar aka ɗaura sababbin, da sababbin robobin bushin. A mataki na uku awon mu biyu ya tsaya a 36 da rabi, a na huɗu ya kai 37, muka bar shi a nan. Bai ƙarasa ɗaure notocin ba sai da muna zaune a kai, don kada robar ta murɗe. Sannan ya duba sakin sarƙa, ya daidaita shi kusan santimita biyu da rabi, ya sassauta sandar birkin baya kaɗan, ya kuma daidaita fitila, wadda a da take haska saman bishiyoyi idan na ɗauki mutum. Mai faci ya cika tayoyin baya iska daidai da juna da ma'auni, domin ashe ta hagu ta fi ta dama tauri.

Muka gwada shi ta titin Bauchi, muka wuce ƙofar jami'a har Farin Gada. Na bi ta kan ramin nan na ranar Laraba da gangan, a hankali, bayan ya nutse ya dawo ba tare da wata ƙara ba. Da na sauke Yaya na juyo ni kaɗai kuwa, sai na ji shi da tauri, kowace tsakuwa ina jinta a kujera. Bakaniken ya riga ya gaya mini haka za ta kasance, ya ce ranar da ba ni da goyo in mayar da zoben mataki na biyu, ya kuma sayar mini da sifana mai ƙugiya da ake juya shi da ita. Ta shiga akwati tare da tef ɗin awo. Ranar Asabar mai zuwa zan koma a sake matse notocin, a kuma duba kunnen dama, inda ya ce ya ga wani siririn layi a jikin waldar da bai gamsu da shi ba.