Daga sakandare sai gida, yau ga ni gaban metiron

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau aka yi mana ganawar baki da baki ta neman gurbin karatu a kwalejin koyon aikin jinya. Tun da sassafe Yaya ya kai ni a mashin, ya wuce kasuwa. Na tarar baranda ta cika, kowa rungume da fayil.

Wadda ke damana a benci ta daɗe tana taya kawunta zaman kemis. Ta hagun kuma ta gama makarantar kiwon lafiya, har tana aiki a ƙaramin asibitin ƙauyensu. Hirarsu duk ta allura ce da ƙarin ruwa da wahalar neman jijiya a hannun yaro. Da suka tambaye ni inda nake aiki, na ce daga sakandare sai gida. Ta kemis ɗin ta ce, "To, Allah ya taimake ki." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma gabana ya faɗi.

Sai na riƙa tuna wa kaina abin da ke cikin takardar sharuɗɗa. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba. Sai makin JAMB, tunda kwalejoji da yawa sun koma tsarin ND da HND, shekara biyu-biyu, maimakon shekara uku na da. Babu inda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce sai wanda ya taɓa riƙe sirinji. Duk na san wannan, amma hannuna bai daina gumi ba.

Su uku ne a ciki: metiron, wato shugabar nas-nas, wani malami, da wata mai rubutu. Metiron ta duba takarduna, ta ce, "'Yata, kin taɓa aiki a asibiti?" Na ce a'a, Ma. Ta ce, "To kin taɓa jinyar wani?"

Nan bakina ya buɗe. Na ba ta labarin Kaka, da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ɗakin Umma har Allah ya karɓi abarsa. Likita ya ce a riƙa juya ta duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta, ni ce kuma mai raba dare a kanta. Na faɗi yadda nake sa matashi tsakanin gwiwoyinta, in duba ƙugu da diddige ko fata ta fara ja, in shimfiɗe zanin gado sumul don ko ɗan lanƙwasa yana cin fatar tsoho. In zan ba ta kunu sai na tayar da ita zaune, cokali rabi-rabi, ta gefen bakin da ke da lafiya, in jira ta haɗiye kafin in ƙara, don kada ta ƙware.

Ta ce, "Fitsari da bayan gida fa, ba ki ƙyama?" Na ce warin yana damuna da farko, amma abin da ya fi ci mini rai kunyar Kaka ce. Matar da ta yi wa uwata wankan jego, ga shi jika ce ke wanke ta. Shi ya sa nake rufe ƙofa, in lulluɓe ta da zani, in buɗe inda nake gogewa kawai, ina yi ina ja ta da hira. Metiron ta ɗago ta dube ni, ta yi ɗan rubutu, ba ta ce komai ba.

Malamin ya karɓa da tambayoyin littafi. Zafin jikin mai lafiya, na ce wajen digiri 37. Bugun zuciyar babba yana hutawa, 60 zuwa 100 a minti. Florence Nightingale, na ce ita ce ta tafi jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya a 1854, ta buɗe makarantar jinya a Landan a 1860. Sannan ya ce, in maƙwabciya ta kawo allura ta ce in yi wa ɗanta tunda na shiga makarantar nas, ya zan yi? Na ce zan ba ta haƙuri in raka ta asibiti.

Wannan tambayar ta tsaya mini. A unguwanninmu, da zarar an ga yarinya da farin kaya ta zama likita. Akwai yaran da allurar ɗuwawu ta taɓa musu jijiya suka koma ɗingishi. Ban raina waɗanda suka zo da gogewa ba, sun riga ni sabawa da jini da kukan majinyaci. Amma na fi son a fara koya mini daga wanke hannu da gyaran gado, in san dalilin kowane abu kafin a damƙa mini jikin mutum.

Da na fito na haɗu da wata 'yar aji biyu a wurin mai awara. Ta ce in daina damuwa da wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba, watanni shida na farko da suke kira PTS su ne rariyar tace ɗalibai. Ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, ƙasusuwa 206 da sunayensu, wanda ya faɗi jarrabawa a sallame shi, wadda ta ci a ɗora mata hular nas. Ta kuma ce in yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin a fara tura mu ɗakin majinyata, allura uku ce cikin wata shida.

A gida Umma ta sa na maimaita mata komai, da na zo kan Kaka ta share ido da gefen mayafi. Baba kuwa aikin dare ne damuwarsa. Ya ce, "In an ɗauke ki, wa zai riƙa kai ki yana ɗauko ki?" Yaya ya ce shi ne. Baba ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuma wannan daga bakinsa amincewa ce.

Sun ce za a liƙa sunaye a allon sanarwa. Kafin nan, gobe zan je asibitin unguwa in tambayi kuɗin rigakafin, in biya gidan Gwaggo in ari littafin sassan jiki na 'yarta.