Jika uku da layar zana

Lahadi, Tawa. Dare ya raba, kowa a gida ya kwanta.

Da safe Inna ta aike ni cefane. Kasuwa ta cika, mutanen ƙauye sun shigo da amalanke da jakuna, ga albasa tsibi-tsibi, ja irin ta Galmi. Na tsaya wurin wata tsohuwa da ta baza kayanta a kan buhu: albasa, tattasai, busasshiyar kuɓewa. Na yi sayayyar jika ɗaya da dala ɗari, wato jika ɗaya da rabi, na miƙa mata jika biyu. Ta kai takardar dab da idonta, ta juya ta, ta kwance bakin zanenta ta irgo mini canji. Sannan ta ɗauki albasa biyu ta jefa cikin leda, ta ce, "Ga gyara, ɗana. A gaida mutan gida."

Sai da na kai bakin titi na buɗe hannuna. Jika uku da dala ɗari. Ta ɗauka jika biyar na ba ta. Idon da ciwon yana ya fara rufewa ba ya raba shuɗiyar takarda da koriya.

Tsakanina da ita bai wuce taku hamsin ba. Na waiga, tana can tana ciniki da wata mata. Na cusa kuɗin a aljihu na kama hanya. Da na zo butikin unguwarmu na sa kiredin jika ɗaya, don kwana biyu ke nan wayata ba ko dala. Na ce wa raina rabo ne, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Bayan azahar na fita fada, inda muke taruwa shan shayi. Mu biyar ne yau a inuwar bedi: mai shayinmu da ba ya yawan magana, ɗan kabu-kabu, da wani da muke kira Ustaz, da abokinmu da ke aji na biyu a jami'a, sai ni. Shi ɗan jami'ar tun muna ajin ƙarshe na lise filozofi, wato falsafa, ya shiga ransa. Mu mun haddace ne don mu ci bak, jarrabawar gama lise, shi kuwa ya ɗauko abin ya kawo shi fada, kuma shekara uku ke nan kusan kowace Lahadi sai ya jefo mana tambayar da za ta hana shayi shiga.

Yau labari ya kawo daga Aflaton, wancan Bagirken almajirin Sukurat. Wai wani makiyayi ne mai suna Gijes, yana kiwon dabbobin sarkin Lidiya. Aka yi ruwa da girgizar ƙasa, ƙasa ta tsage, ya shiga ramin ya tarar da dokin tagulla, cikinsa gawa, a yatsan gawar zoben zinariya. Ya zare ya sa. Daga baya ya gane in ya juya kan zoben zuwa cikin tafin hannu, ba mai ganinsa. Bai tsaya wata-wata ba, ya shiga fadar sarki, ya yaudari matarsa, suka kashe sarkin, ya hau gado.

Ɗan kabu-kabu ya ce, "Ai layar zana ce wannan."

Muka ce ita ce. Ɗan jami'a ya ce to, a cikin littafin ɗan'uwan Aflaton ne, Gulokon, ya ba da labarin don ya ƙure Sukurat. Cewa ya yi a kawo zobe biyu, a ba mutumin kirki ɗaya, a ba azzalumi ɗaya, a zuba ido, ƙarshenta hanya ɗaya za su bi. Ma'ana, kirkinmu duka tsoron ido ne. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku faɗi gaskiya, in aka ba ku layar yau, ina za ku fara zuwa?"

Aka yi dariya, wani ya ce banki. Ni ban yi ba. Jika biyun da suka rage suna aljihun gaban rigata, ina jin gefen takardar a ƙirjina.

Ustaz ya ce tambayar ba ta taso wa musulmi ba. Ya kawo labarin 'yar mai nono a zamanin Sayyidina Umar, wadda uwarta ta ce ta sirka nonon da ruwa tunda Umar ba ya ganinsu, ita kuwa ta ce in Umar ba ya gani Ubangijin Umar yana gani. Umar yana bayan bango yana ji, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga tsatsonta aka samu Umar ɗan Abdul'aziz. Ɗan jami'a bai sake shi ba. Ya ce, "Ustaz, ai ka ƙarfafa maganar Gulokon ne. Ka cire idon mutane ka sa Idon da ya fi girma. Wanda ya bar sata don akwai mai gadi, mutumin kirki ne ko mai wayo?" Ustaz ya yi shiru har mai shayi ya gama ɗaga buta ya tara kumfa a kofuna. Sannan ya ce ihsani ba zaman ɓarawo da mai gadi ba ne. Hadisin Jibrilu cewa ya yi ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, shi ne farko, sai in ba ka kai nan ba ka tuna yana ganinka. Ya ce, "Ku lura, gani naka aka fara nema."

Wannan ta tsaya mini, amma abin da ya gama da ni daga bakin ɗan kabu-kabu ya fito. Shekara biyu ya yi ci-rani a Libiya, kamar samarin Adar da yawa, kuma ba ya son ba da labarin hanya. Yau ya bayar. Ya ce bayan sun wuce Dirku motarsu ta lalace, suka kwana biyu a rairayi, kowa rungume da jarkarsa da aka naɗe da buhu. Da dare ya ga wani yana shan ruwan wani yaro da zazzaɓi ya kwantar. Ya ce, "Wallahi mutumin nan ba mugu ba ne, mun ci garin rogo kwano ɗaya da shi. Abin da na lura, tun da rana ya daina kallon yaron. Ko sunansa ya daina kira. Sai da ya fara cire shi daga idonsa kafin ya iya taɓa jarkar."

Nan na gane abin da na yi a bakin titi. Ni ban ɓace wa kowa ba, da rana tsaka ne, kasuwa cike. Tsohuwar ce na ɓatar. Cikin taku hamsin na mayar da ita "wata mai albasa", na shafe cewa ta kira ni ɗana, ta yi mini gyara daga ribar da ba ta kai ta kawo ba. Jika uku a hannuna kiredin waya ne. A wurinta wataƙila cinikin yinin ne gaba ɗaya da kuɗin motar komawa gida.

Ban jira shayi na uku ba. Na fito da jika biyun na aza kan tabarma na faɗa musu komai. Kunya ta kama ni har muryata na rawa. Ba wanda ya yi mini wa'azi, kuma na gode musu da wannan. Mai shayi ya ce, "La'asar ta gota, kasuwa na watsewa." Ɗan kabu-kabu ya zaro jika ɗaya daga cinikinsa na yau ya ɗora kan nawa, ya ce bashi ne, in biya Juma'a. Ya tada moto na hau.

Mun makara. Wurin da ta zauna sai ɓawon albasa da sawun buhu a ƙasa. Mai daddawar da ke gefe ta ce ta san ta da gani, ba 'yar gari ba ce, Lahadi-Lahadi take zuwa, kuma tun wajen azahar ta tattara. Na tambaya ko ta yi cigiyar kuɗi. Ta ce ta ga dai ta kwance bakin zane sau biyu tana irge, ba ta ce wa kowa komai ba. Ta ce in bar kuɗin wurinta, na ce a'a Iya, ina so in sa mata a hannu da kaina, in nemi gafara.

Da muka dawo ɗan jami'a ya tambaye ni, in da ɗan kabu-kabu bai ba da labarinsa ba, da na mayar? Na ce masa ban sani ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan amsar ke nan. Ita ta hana ni barci.

Da dare Inna ta yi tuwon gero miyar kuɓewa, ta ce albasar yau ta yi kyau, in riƙa saye wurin mai ita. Na ce to. Jika ukun na ninke su cikin tsohon littafina na ajin ƙarshe, na sa ƙarƙashin matashi. Saura kwana bakwai, in Allah ya kai mu, in kuma ta zo.