Sana'ar ɗura harsashin gasa a Ohio

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗura harsashin ƙaramar bindiga a wani ɗan shago da ke bayan gari a jihar Ohio ta Amurka, ni da ma'aikata biyu, kuma kusan duk masu sayen kayanmu 'yan gasar harbi ne. Ba mafarauta ba ne, ba kuma jami'an tsaro ba. Abin da suke nema a wurina shi ne harsashi mai sanyin ƙarfi, wanda bindiga ba za ta yi shuri da yawa a hannu ba idan an harba shi, domin bakinta ya koma kan abin bara da sauri kafin harbi na biyu. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka cewa rage albarushi kawai ake yi a huta, alhali kuwa ragewar ce ta fi ba ni wahala a duk sana'ar.

Dalili shi ne masu shirya gasar sun daɗe da sanin wannan dabara. Da aka kafa IPSC, ƙungiyar duniya ta wannan gasar harbi, a garin Columbia na jihar Missouri a 1976, tare da Jeff Cooper a matsayin shugabanta na farko, an ɗora wasan a kan abu uku: saiti da ƙarfi da sauri. Saboda haka aka sa ma'aunin ƙarfi. Ana ninka nauyin kan harsashi a ma'aunin giren da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa ɗaya, sannan a raba da 1,000. A gasannin USPSA, wadda ita ce reshen wasan a Amurka, ƙaramin mataki 125 ne, babba kuwa 165. Giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, don sai an tara 7,000 kafin a sami laba guda. Kan harsashin milimita 9 mai giren 147 yana bukatar gudun ƙafa 851 kafin ya haye 125, idan kuwa ya tsaya a 850 lissafin zai ba da 124.95, kuma alƙalan gasa ba sa cike wa kowa wannan ɗan giɓin. Mutum zai ci gaba da harbinsa idan ya so, amma ba za a rubuta masa maki ko ɗaya ba.

Na koyi wannan ne da kudina da kuma mutuncina. A shekarata ta biyu wani abokin ciniki ya matsa mini cewa yana son harsashi mafi laushi da doka za ta yarda da shi, ni kuma don in burge shi sai na ɗura masa wanda ya ba da 127 a na'urar auna gudu, a ranar da ake zafin bazara. Gasarsa kuwa ta faɗo a ƙarshen Oktoba, da sassafe, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Yawancin albarushi yakan rage kuzari a cikin sanyi, bututun bindigarsa kuma ya fi wanda na gwada da shi gajarta. Alƙali ya ɗebi harsashi takwas daga aljihun mutumin, ya zare kan ɗaya ya ɗora a sikeli, ya harba uku, ya ƙara uku, lissafin bai wuce 124 ba. Mutumin ya yi tafiyar awa shida a mota ya kuma biya masauki na kwana biyu. Da ya dawo bai ɗaga murya ba, ya dai ajiye sauran kwalayen a kan teburina ya ce in riƙe abina. Tun daga ranar ba na fitar da kaya ƙasa da 131, kuma nakan kwanar da samfuri a firiji in gwada shi da sanyinsa.

Akwai kuma hatsarin da ya fi rasa maki. Idan albarushi ya yi kaɗan ƙwarai, ko injin ya tsallake kwanso ɗaya bai zuba masa komai ba, 'yar hular da ke kunna wuta takan tura kan harsashin ya shiga bututu ya maƙale. Mai gasa yana cikin gudu, kunnuwansa a toshe, zai iya jan kunama a karo na biyu a kan bututun da ya cushe. Kishiyar wannan ita ce zubi biyu a kwanso ɗaya, kuma harsashi mai sanyin ƙarfi ya fi kowanne saurin jawo ta, domin albarushi mai saurin ci da muke amfani da shi ɗan kaɗan ne a gindin kwanso, ko an ninka shi ba zai zubo waje ya tona kansa ba. Shi ya sa na ɗaura fitila da ɗan madubi a kan injinan ɗurinmu na kamfanin Dillon, na kuma hana waya da rediyo a ɗakin ɗuri. Ba na ƙirƙirar awo daga kaina, littattafan kamfanonin albarushi nake bi. Nakan tuna mafarautan garinmu da na gani ina yaro suna ɗura wa bindigar toka albarushi da awon tafin hannu, in yi mamakin yadda Allah ya tsare su.

Masu harbin nutsuwa, irin waɗanda ke zuwa gasar ƙasa a Camp Perry da ke bakin tafkin Erie, su ba ruwansu da ma'aunin ƙarfi. Suna harbi da hannu ɗaya a yadi 25 da yadi 50, kuma sun fi son dalma mai faffaɗan kai wadda ke yanke takarda da'ira tsaf kamar an huda da ƙarfen huji. Dattawa ne akasarinsu, sun fi kowa ƙorafi, sun kuma fi kowa biya a kan lokaci.

Ribar ba ta da kauri. Sai da lasisin tarayya na ƙera harsashi daga ATF, hukumar da ke sa ido kan bindigogi a Amurka, ake wannan aiki don sayarwa, ga harajin kashi 11 cikin ɗari da ke tafiya asusun kula da namun daji a ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937, ga kuɗin inshora. A 2020 da 2021 hulunan kunna wuta sun yi ƙamfa a duk ƙasar, har muka yi watanni injinan suna rufe da tampol, muna wanke tsofaffin kwansuna muna tankaɗe su kawai. Wannan tankaɗar ma aiki ce mai cin rai, domin kwanson wani harsashi da ake kira .380 yakan ɓuya a cikin na milimita 9, bambancinsu milimita biyu ne kacal a tsawo, kuma har yanzu da ido da yatsa muke tsince shi, bokiti bayan bokiti, kowace safiyar Litinin.